Yadda za ka rage shan mai a motar turbo da aka yi wa tiyunin

Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wanda yake da mota mai turbo da aka taɓa mata birenbos, wato aka yi wa kwamfutar injin tiyunin don ƙarin ƙarfi, ya san halin da ake ciki, ka sha mai da safe kafin la'asar allura ta fara sunkuyawa, sai ka ji mutane suna cewa ai tiyunin ɗin ne, a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta kawai a huta. Toh ni ban yarda da wannan maganar gaba ɗaya ba. Tiyunin mai kyau ba ya ƙara wa mota shan mai in kana tafiya a hankali, wurin da yake canza abu shi ne lokacin da ka danne totur turbo ya fara dura iska. Abin da yake shanye maka mai guda uku ne: yawan shiga bust (wato matsin iskar da turbo ke durawa), ƙananan matsalolin da motar take da su waɗanda tiyunin ya ƙara fito da su fili, da kuma tiyunin da bai dace da irin man da muke samu ba. Ko Golf GTI ce da kai, ko Audi A4, ko BMW 335i, ko Benz C300 ta 2015 zuwa sama, ko Accord ɗin nan ta 2018 mai 1.5, hanyar ɗaya ce, kuma dan Allah ka bi ta a jere kar ka tsallake.

Bari in fara da lissafin da zai sa ka gane sauran. Injin fetur in yana tafiyarsa normal yana haɗa iska kashi 14.7 da mai kashi 1, da nauyi ake auna su. Da zarar turbo ya fara matsa iska sosai sai birenbos ya ƙara mai, haɗin ya sauko wajen 12 ko 11.5, kuma da gangan yake yin haka domin man ya sanyaya cikin silinda kar fistin ya ƙone. Kaga ke nan kowace iska ta samu ƙarin mai kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan in bust ɗinka ya kai bar 1, wato psi 14.5, iskar da take shiga ta kusa ninka wadda injin zai ja da kansa sau biyu. Haɗa biyun ka gani, injin lita 2 ne a takarda amma a wannan lokacin yana shan mai kamar ƙaton inji. GTI ta biyar da ta fito da doki 200 in aka yi mata mataki na farko na tiyunin tana kaiwa 240 ko sama da haka, kuma wannan ƙarin ƙarfin da mai ake biyansa duk lokacin da ka nema.

Mataki na farko, ka auna

Kar ka yarda da lambar da dashbod yake nuna maka, musamman in an canza nozul an sa manya, domin kwamfutar tana lissafi ne da girman nozul ɗin da ta sani. Ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, kar ka ce a ƙara a girgiza motar, ka mayar da tirif mita zuwa sifili, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, in mai ya yi ƙasa ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga ita ce ka ƙona. Misali lita 45 ta shiga kuma ka yi kilomita 380, raba 380 da 45 za ka samu kilomita 8.4 a kowace lita, ko lita 11.8 a kilomita 100. Rubuta a waya, ka sa kwanan wata da irin tafiyar, cikin gari ne ko doguwar hanya. In motar daga Amurka ta zo ka duba ko mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mutane da yawa a nan suke rikicewa su ɗauka motar ta fi shan mai alhali lissafin ne ya karkace.

Mataki na biyu, ka sa mata kwamfuta da kanka

Akwai ƴar ƙaramar na'urar nan ELM327 da ake sokawa a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Ba ta da tsada in ka kwatanta da ful tanki ɗaya. Da farko ka karanta kod, ko da fitilar cek ba ta kawo ba domin wasu masu tiyunin suna kashe wasu kod ɗin. P0172 na nufin mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa, P0299 bust bai kai ba, P0128 injin ba ya kaiwa zafin da ya kamata, P0300 yana misin, wato wata silinda na tsallake wuta.

Daga nan sai ka buɗe lambobin da ke motsi inji na aiki. Nemo LTFT da STFT, su ne suke gaya maka yawan gyaran da birenbos yake yi wa mai. In ka haɗa su biyun suna tsakanin +5 da -5 lafiya lau, in sun wuce 10 ta kowane ɓangare akwai magana. Lamba ta hau sama sosai a silo amma tana sauka in ka ɗan taka, yawanci iska ce take shiga ta wani wuri, a injin 2.0 na Volkswagen da Audi bawul ɗin PCV da ke saman inji, mai janye tururin baƙin mai, ya yi suna wajen wannan. Lamba ta faɗi ƙasa zuwa -15 kuwa mai ne yake yawa, ko nozul na ɗiga ko sensa na ƙarya ko iska na tsiyayewa bayan an auna ta. Ka duba zafin ruwa kuma, bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar ya kamata ya zauna wajen digiri 90, wasu motocin ma kamar BMW suna haura 100 kuma haka aka yi su.

Mataki na uku, ka gyara abin da aka ɓata

A nan zan daɗe domin a nan yawancin man yake tafiya. Abu na ɗaya tamostat. Wallahi abin yana ci mini rai, mota ta shigo ƙasar nan lafiyarta ƙalau, a kai ta gareji a ce ai wannan na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka dairek tana juyawa tun daga tayar da mota. Sakamakon shi ne injin yana zama a digiri 60 ko 70, birenbos yana ɗauka har yanzu ba ta ɗumama ba yana ta ƙara mai, man da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. In motarka tana zafi to lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji ko fanka ba ta kamawa, a gyara wannan, a mayar da tamostat mai lambar zafin da kamfani ya sa, a mayar da fanka kan birenbos.

Abu na biyu indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, da sensar oksijin. Wasu an cire musu ba su sani ba, wasu kuma da saninsu aka cire wajen sa babban bututu bayan turbo. Sensar da ke gaba, kusa da turbo, ita ce take gaya wa birenbos yawan man da zai bayar, in ta gaji ko an yanke wayarta ko an sa ta jabu to motar tana tafiya ne da kintace, kuma yawanci kintacenta wajen ƙara mai yake karkata domin ta kare kanta. Ka saye ta asali, Bosch ko Denso ko NTK gwargwadon abin da motar ta zo da shi, ko a Kofar Ruwa ko Panteka ko Apo za ka saya ka tafi da lambar tsohuwar a hannunka ka gwada lamba da lamba.

Abu na uku yoyon bust. Tiyunin yana ƙara matsi, tsofaffin tiyo da kilif ɗin da suka yi shekara goma sha suna riƙe matsin kamfani sai su fara saki. A motar da take da MAF, wato sensar da ke auna iska bayan iyakilina, an riga an auna iskar an ware mata mai, sai ta tsere ta tsagar tiyo, man ya shiga shi kaɗai. Za ka ga baƙin hayaƙi in ka taka, bamba ta baya tana yin baƙi, ƙarfi ya ragu. Yadda ake kama shi: inji a kashe, a cire tiyon da ke shiga bakin turbo, a toshe da murfi mai bawul ɗin taya a jiki, a dura iska a hankali kamar psi 10, kar a wuce 15, a cire murfin baƙin mai kafin a fara. Sai ka kaɗa ruwan omo a gora ka huda murfin ka bi duk mahaɗa kana fesawa, bakin intakula (mai sanyaya iskar turbo) na hagu da dama, wajen totur bodi, jikin bawul ɗin da ke sakin iska. Inda yake yoyo za ka ga kumfa tana tasowa tana kumbura, wani lokaci kunnenka ma zai riga idonka, ka ji sssss daga ƙarƙashin bamba inda dutse ya taɓa huda intakula. Sau da yawa kilif ɗaya ne kawai ya saki.

Tunda an zo kan bawul ɗin nan, masu son ƙarar fishhh in sun saki totur su yi haƙuri. In motarka mai MAF ce kuma ka sa irin wanda yake watsar da iska waje, duk canjin giya sai an zuba man iskar da ka zubar. Ka mayar da irin na kamfani da yake mayar da iskar cikin layi. Haka nan tiyunin ɗin tas-tas da salansa ke harbi in an saki totur, ana samun sa ne ta hanyar ci gaba da fesa mai da jinkirta wuta a daidai lokacin da ya kamata a ce nozul sun rufe gaba ɗaya, mai ne yake fashewa a bututu, yana kuma dafa turbo. Ka ce a cire maka shi.

Sai iyakilina da MAF ɗin kanta. Ƙurar hunturu ba wasa ba ce, filtar da littafi ya ce ta yi kilomita dubu talatin a Turai a nan ba za ta kai ba, ka dinga buɗewa kana dubawa duk juyen baƙin mai. Filtar nan mai kamar mazurari da ake shafa wa mai ana barin ta tsirara a cikin bonet, zafin inji take zuƙa, man jikinta kuma yana manne wa sensa ya kama ƙura. Akwatin kamfani da filtar takarda mai kyau ya fi mata a yanayinmu. In za ka wanke MAF ka ciro ta, ka fesa mata abin wankinta na musamman daga ɗan nesa, kar ka taɓa ƴar wayar da ke ciki da yatsa ko tsumma ko burushi, kar a wanke da fetur, ka bar ta ta bushe sarai tukunna ka mayar.

Filogi kuma, motar da aka ƙara wa bust tana cin filogi da wuri, kuma yawancin masu tiyunin suna so a matse bakinsa zuwa wajen milimita 0.6 ko 0.7, wasu su ce a sa wanda ya fi na kamfani sanyi da mataki ɗaya. Ka tambayi wanda ya yi maka. Kwayil ɗin da ya fara gajiya ba ya nunawa a silo, sai ka taka a giya ta huɗu ka ji tana tsinkewa, duk tsinkewa ɗaya man silinda guda ne ya fita bai ƙone ba.

Mataki na huɗu, tiyunin ya dace da man da kake sha

Wannan mutane ba su cika sani ba. Motoci da yawa suna shigowa daga Amurka da tiyunin ɗinsu a ciki, an rubuta shi don mai lamba 93 na can. Lissafin oktan, wato ƙarfin mai wajen jure matsi, na Amurka daban yake da na Turai da namu, 93 ɗinsu ya yi daidai da kusan 98, shi kuma 87 da suke kira regula shi ne kusan 91. Man da ake samu a yawancin gidajen manmu ya fi kusa da regular nan. Ka ɗura wa tiyunin ɗin 93 irin wannan man a zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda ake haura digiri 40, injin zai fara nokin, wato man ya fashe da kansa ba bisa ƙa'ida ba, sensa ta ji, birenbos ya ja wuta baya, wato ya jinkirta wutar filogi, ya ƙara mai, ƙarfi ya ragu, kai kuma ka ƙara takawa domin ka samu abin da ka saba. Ga asarar mai ga haɗarin fasa fistin. In ka taɓa jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da kake hawa gada ko kana obatekin, to shi ne, ka ɗaga ƙafa nan take.

Ka je wurin wanda ya san aikin ka ce masa, Malam, ina so a duba min wane fayil ne a cikin motar nan, don wane mai aka yi shi, sannan a ɗauki bayanan injin tana tafiya a ga ko tana jan wuta baya. In na 93 ne a sauko da shi zuwa mafi ƙanƙantar oktan da ake da shi, a rage bust kaɗan. In na'urar tiyunin ɗinka irin Cobb Accessport ce ko JB4 kana iya canza fayil da kanka, ka ajiye mai ƙaramin bust don yawon yau da kullum. Ka tabbatar kuma ba fayil ɗin etanol ba ne, domin wanda aka rubuta don E85, man da yawancinsa etanol ne, yana fesa kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da na fetur. Ka roƙe shi ya sassauta maka amsawar totur ma, wasu fayil ɗin an sa ɗan taɓi kaɗan ya buɗe sosai don a ji motar tana da zafi.

Abu ɗaya da ba zan so ka bari a yi maka ba: kar wani ya ce zai rage maka man da ake fesawa a cikin bust don ka yi tattali. Wannan man shi yake riƙe da ran injin, kuɗin da za ka tsira da shi a wata shida ba zai sayi fistin ɗaya ba. Kuma ka guji man ƴan bumburutu iyakar iyawarka, ba ka san me aka haɗa ba, motar turbo kuma ba ta da haƙurin tsohuwar Corolla. Ruwan ƙara oktan na kwalba yawancinsu abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba, maganaɗisun da ake ɗaurawa a layin mai kuwa kar ma ka ɓata kuɗinka.

Mataki na biyar, ƙafarka

In ba ka da gejin bust ka sa wayarka ta nuna maka MAP, wato matsin iskar da ke shiga inji. Kunna makulli ba tare da ka tayar ba ka ga lambar, wajen 95 zuwa 100 kPa za ka gani, a Jos za ta yi ƙasa da haka saboda tudu. Duk abin da ya haura wannan lambar kana tafiya to bust ne. Ka maƙala wayar inda ba za ta ɗauke maka hankali ba, ka yi sati kana koyon tashi daga danja da hawa gada ba tare da lambar ta haura ba ko ta haura kaɗan. Za ka yi mamakin yadda motar take tafiya daidai da kowa a titi ba tare da turbo ya yi wani aiki ba.

Mai giyar hannu ya dinga canzawa tsakanin 2,000 da 2,500. Amma kar ka wuce gona da iri ka sa giya ta shida a 1,300 sannan ka danne totur, ƙananan injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da wata cuta da ake kira LSPI, man ya kama da kansa kafin filogi ya ba da wuta, kuma a ƙaramin juyi da nauyi mai yawa take faruwa. In kana son ƙarfi ka sauko giya. Saboda wannan cutar ma ka nemi baƙin mai mai alamar API SP, ko SN Plus, ko lambar da kamfaninka ya rubuta, da kaurin da littafin motar ya ce, kar a zuba maka 20W-50 a ce wai saboda zafi. Mai otomatik ya bar ta a D, S ɗin nan tana riƙe giya turbo yana zaune a shirye kullum.

Ka daina sa ta a firi in kana gangara. In tana cikin giya ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya birenbos yana rufe nozul, ko ɗigo ba ya shiga, tayoyi ne ke juya injin, a firi kuwa dole a ba shi mai ya yi silo, ga shi ka rasa riƙon inji in wani abu ya taso. Ka dinga hango gaba, ka ga danja ta yi ja ko ana taruwa a shataletale ka ɗaga ƙafa tun daga nesa. A doguwar hanya kamar Kano zuwa Kaduna bambancin 100 da 140 ba ƙarami ba ne, turjiyar iska tana kusan ninkawa biyu, kuma a 140 ɗin yawancin ƙananan injina sun riga sun fara shiga bust sun zauna a ciki. Tsakanin 90 da 110 nan ne daɗinta.

Ɗumama mota minti goma sha biyar da safe ba shi da amfani, ka tayar ka ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya baƙin mai ya zagaya, ka tafi a hankali ba bust har allurar zafi ta hau. Haka in ka dawo, maimakon ka tsaya a ƙofar gida tana silo minti biyar wai turbo ya huce, ka yi kilomita biyu ukun ƙarshe a hankali, ka ba ta ɗan lokaci kaɗan ka kashe, sai in daga gudu mai tsanani ka tsaya kai tsaye ne za ka ƙara mata minti ɗaya ko biyu. Zaman jira da AC a kunne yana iya cin lita guda ko fiye a awa. Ba zan ce ka kashe AC a zafin Kano ba, amma ka nemi inuwa, in ka shiga ka sauke gilashi zafin ya fita tukunna, sannan ka danna maɓallin da yake juya iskar ciki.

Mataki na shida, ƙafafun motar

Iskar taya ka bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka auna da safe kafin ta yi zafi, da gejinka na kanka domin na mai faci ba kullum yake faɗin gaskiya ba, kuma kar a dura maka psi 50 a ce ta fi gudu. Manyan rim masu faɗi da nauyi suna ƙara shan mai a cikin gari, in ka canza girman taya ma lissafin kilomitarka ya canza. A duba alaimen, a ɗaga motar a juya kowace taya da hannu a ga ko birki yana riƙewa, in bayan tafiya rim ɗaya ya fi sauran zafi to kalifa ce ta maƙale. Sauke kariyar sama in ba kaya, kwashe tarkacen but.

Kowane gyara ka yi ka sake awon ful tanki sau biyu kafin ka taɓa wani abu, in ka canza abu biyar rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In duk an bi waɗannan, LTFT ya dawo daidai, zafi yana zama a 90, amma har yanzu tana sha fiye da ƙima, sai a auna kwamfireshan na kowace silinda, a ciro nozul a gwada su a benci a ga ko suna ɗiga, a injin da ke fesa mai kai tsaye kuma a cire manifol a leƙa bayan bawul ɗin shigar iska, domin mai ba ya bi ta kansu balle ya wanke su, in motar ta haura kilomita dubu ɗari ba a taɓa buɗewa ba akwai yiwuwar dattin kabon ya taru ya rage hanyar iska, sai an kankare shi.